Gishirin Gabbar da tuban muzuru: abin da karin maganar tsofaffin finafinan Indiya ke nufi

Tambaya: Wani ɗan'uwa daga Damagaram ya rubuto cewa tun yana yaro yake kallon tsofaffin finafinan Indiya tare da mahaifinsa, yanzu kuma yana kallon waɗanda aka fassara da Hausa. Ya ce akwai maganganun da ɗan wasa zai furta kowa a wurin ya yi tsit, amma in fassara ta zo sai ka ji ta lami. Ya kawo guda uku da suka tsaya masa a rai: namak haram, ghar ka bhedi Lanka dhaye, da nau do gyarah. Yana so ya san ma'anarsu, kuma ko karin magana ne irin namu.

Amsa: Ɗan'uwa, kunnenka bai yaudare ka ba. Abin da kake ji ya ɓace a fassara yana nan a asalin maganar, kuma galibi ba a cikin kalmomin yake ba. Yana wajen wanda ya faɗa, da wanda aka faɗa wa, da kayan da aka gina karin maganar da su, wato gishiri ko madara ko hanci ko rawani. Na zauna shekaru a arewacin Indiya ina karatu, na koyi harshen a aji, na ƙara koyonsa a kasuwa da teburin mai shayi, kuma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Bahaushe ya riga ya riƙe rabin makullin tun kafin ya fara. Ɗaya rabin ne ke buƙatar bayani. Zan rubuta kalmomin yadda kunnen Bahaushe zai fi saurin kama su.

Su ma sun raba abin gida biyu. Akwai kahawat, shi ne karin magana cikakke mai tsayuwa da ƙafarsa, irin "komai nisan jifa ƙasa zai faɗo". Akwai kuma muhawara, kalmar Larabcin nan da mu muke nufin jayayya da ita, su kuwa suna nufin salon magana da ake sakawa cikin jimla, irin "ya ari ta kare". Cikin ukun da ka kawo, na tsakiya ne kaɗai kahawat. Sannan harshen waɗancan finafinai ba Hindin littafin makaranta ba ne. Hindustani ne, harshen titi da ke tsakanin Hindi da Urdu, cike da Larabci da Farisanci. Da yawa daga marubutan zancen finafinan Bombay, tun daga fim mai magana na farko a 1931, mutanen Urdu ne, kuma in ka lura za ka ga ana rubuta sunan tsohon fim da rubutu iri uku: na boko, na Hindi, da na Urdu mai kama da ajaminmu. Shi ya sa iyayenmu da suka cika Plaza da Orion da Marhaba a Kano, ba tare da fassara ko ɗaya ba, suke tsintar duniya, niyat, izzat, nasib, adalat, haram, su gane inda aka dosa.

Bari in daɗe a kan gishiri, domin nan ne zuciyar tambayarka. Namak gishiri ne da Farisanci. A tsohuwar al'adar da ta game Farisa da arewacin Indiya, wanda ya ci gishirin mutum, wato ya ci abincinsa, ya karɓi ladansa, ya kwana a inuwarsa, ya ɗauki bashin amana da ba a biyansa da kuɗi. Wanda ya riƙe amanar shi ne namak halal, ya halatta gishirin da ya ci. Wanda ya ci amana shi ne namak haram, ya mayar da abin da ya shiga cikinsa haram. Ka ga Hausa tana da kalmar da ta fito daga tushe ɗaya: halacci. In muka ce wane ya yi wa maigidansa halacci, namak halal ke nan ba ragi ba ƙari. Kishiyarsa butulci. Amma "butulu" bai kai namak haram zafi ba, domin a can zagin yana cewa naman jikinka ma da abincina aka gina shi. Har yau a garin Murshidabad da ke Bengal akwai ƙofar gidan Mir Jafar, kwamandan da ya juya wa sarkinsa Siraj ud-Daula baya a yaƙin Plassey na 1757 ya buɗe wa Turawan Ingila hanya, kuma sunan da jama'a ke kiran wurin da shi Namak Haram Deorhi, zauren maci amana. Shekara fiye da 260 sunan bai goge ba.

Da wannan a ranka, ka koma ka kalli wurin nan a Sholay, fim ɗin 1975 da Salim Khan da Javed Akhtar suka rubuta. 'Yan fashi uku sun dawo hannu rabbana, mutum biyu kacal sun kore su daga ƙauye. Shugabansu Gabbar ya ɗora wa ɗaya bindiga a ka. Mutumin, jikinsa na rawa, ya ce ya ci gishirin maigida. Gabbar ya ce to yanzu ya ci harsashi. Dabarar harshe tana nan: a Hindi "ci" ake yi wa harsashi kamar yadda ake yi wa abinci, don haka aikatau ɗaya ya ɗauki biyun. Amma abin da ya sa 'yan kallo suke yin tsit ya wuce wasa da kalma. Alkawarin gishiri fuska biyu gare shi. Bara yana bin maigida da biyayya, maigida kuma yana bin bara da kariya. Mutumin nan ya kama igiya mafi ƙarfi da al'adarsu ta sani, Gabbar ya tsinke ta da kalma uku. A nan ɗan kallo ke gane cewa wannan ba ɓarawo ne kawai ba, mutum ne da ba shi da haram. In mai fassara ya ce "na daɗe ina yi maka aiki", ya faɗi gaskiya amma ya zubar da miyar. Ni da zan fassara, "na ci arzikinka, maigida" zan sa, amsa kuma "yanzu sai ka ci harsashi", don a bar "ci" ɗin ya yi aikinsa.

Gishirin bai tsaya nan ba. Namak mirc lagana, sa gishiri da barkono, shi ne ƙara wa zance gishiri, daidai da namu. Kuma za ka ji maigida na yi wa bara faɗa da jis thali me khaya usi me ched kiya, farantin da ka ci a ciki shi ka huda. Mu muna da kaza, ci ki goge baki, sai dai kazar mantawa ta yi, mai huda faranti kuwa ɓarna ya yi da gangan.

Akwai waɗanda in ka ji fassararsu za ka rantse a Kurmi aka ƙirƙire su. Muh me Ram, bagal me churi: sunan Ram, abin bautar mabiya addinin Hindu, a baki, wuƙa a hammata. Musa a baki, Fir'auna a zuci. Ana faɗarsa a kan mai ba da bashi da ruwa, wanda ke jan carbi da hannu ɗaya yana ƙara sifili a littafin bashi da ɗayan. Nau sau cuhe kha ke billi haj ko cali: kyanwa ta cinye ɓera 900 sannan ta kama hanyar hajji. Tuban muzuru ke nan, har dabbar ba ta canja ba. Ka lura da abu ɗaya a waɗannan biyun: na farko ya ɗauko Ram, na biyu ya ɗauko hajji, kuma a tsohon fim Bahindu zai faɗi na hajji, Musulmi ya faɗi na Ram, ba wanda zai ji an taɓa addininsa, domin munafunci ake suka. Wannan shaida ce ta ƙarnonin da suka yi suna cin kasuwa ɗaya, kuma yana cikin abin da nake ƙauna a finafinan wancan zamani. Dal me kuch kala hai, akwai baƙin abu a cikin miyar wake, shi ne da walakin goro a miya, kalmar ɗan sanda ko uwar miji mai zargi. Dudh ka jala chach bhi phuk phuk kar pita hai: wanda madara mai zafi ta ƙona, ko tsala aka ba shi sai ya hura. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sau din cor ke, ek din shah ka, kwana 100 na ɓarawo, ɗaya na mai dukiya. Mu muka ce rana dubu. Jako rakhe saiyan, mar sake na koi, wanda Ubangiji ya tsare ba mai iya kashe shi, baiti ne da ake jinginawa ga Kabir, masaƙin Banaras na ƙarni na 15, kuma wurinsa a fim sananne ne: an jefa jariri a kogi ko an bar shi a kan titin jirgi, ya rayu. Zakaran da Allah ya nufa da cara ke nan. A irin waɗannan mai fassara ba shi da uzuri.

Na biyun da ka kawo yana cikin waɗanda ba su da tagwai a wurinmu. Ghar ka bhedi Lanka dhaye: masanin sirrin gida shi ke rushe Lanka. Daga Ramayana ya fito, labarin da kowane yaro a arewacin Indiya ya sani, domin duk shekara ana wasansa a dandali lokacin bikin Dasara, a ƙone mutum-mutumin Rawan a ƙarshe. Rawan sarkin Lanka ne, birnin da ba a iya ci da yaƙi. Ya sace Sita matar Ram. Ƙanensa Wibhishan ya ba shi shawara ya mayar da matar mutane, Rawan ya wulaƙanta shi ya kore shi, shi kuma ya tsallaka wajen Ram ya tona asirin gidansu, har da inda ran wansa yake, a cibiya. Da haka Lanka ta faɗi. Za ka ce ai da ɗan gari akan ci gari. Ya yi kusa, amma akwai bambanci mai nauyi. Namu dabara ce, ba zargi a ciki. Nasu zargi ne, kuma abin lura shi ne a cikin labarin Wibhishan mutumin kirki ne, gaskiya ya bi, har aka naɗa shi sarautar Lanka daga baya. Duk da haka bakin jama'a bai yafe masa ba, da wuya ka ji an raɗa wa yaro sunansa. Wato karin maganar yana cewa ko da gidanku ne ke kan ɓata, fitar da sirrinsa tabo ne. Marubutan fim sun san wannan sarai. Shi ya sa galibi a bakin mugu suke sa shi, attajirin da ɗansa ya zama ɗan sanda ko ƙanensa ya tsaya shaida a kotu. Mugun yana kiran ɗan'uwansa Wibhishan, bai lura ya kira kansa Rawan ba, ɗan kallo kuwa ya lura. Wannan lanƙwasa ba yadda za a yi ta shiga fassara ta jimla ɗaya, sai an san labarin.

Hanci ma daga wannan duniya yake. In uba ya dafe kai ya ce nak kat gayi, an yanke hanci, mutuncin gida ne ya zube. Yanke hanci hukunci ne na gaske a Indiya ta dā, har likitocinsu suka shahara da gyaran hanci tun zamanin tsohon likitansu Sushruta, kuma a Ramayana ɗin ma yanke hancin ƙanwar Rawan ne ya kunna wutar rigimar. Abokin tafiyar hanci shi ne rawani, pagri. In ka ga uban amarya ya cire rawaninsa ya ajiye a ƙafar uban ango, ya kai ƙarshen roƙo, ba abin da ya rage masa. Wannan kam Bahaushe ba ya buƙatar tafinta, mun san abin da tuɓe rawani yake nufi.

Madara kuma tana da fuska biyu. A kotu, lauya zai yi alkawarin dudh ka dudh, pani ka pani, madara gefe ruwa gefe, wato za a rarrabe aya da tsakuwa. A fagen faɗa, nonon uwa ne. Jarumi zai ƙalubalanci abokin gaba ya fito in har ya sha nonon uwarsa, ko ya ce zai tuna masa chathi ka dudh, nonon da ya sha ran kwana shida da haihuwa, ranar da suke yin wani biki mai kama da sunanmu. Ma'anarsa zai yaba wa aya zaƙinta. Uwa kuma in ta ce ba za ta yafe nononta ba, duk Bahaushen da ya taɓa jin tsohuwa ta ambaci nononta cikin fushi ya san cewa magana ta ƙare.

Wani abin da fassara ke shafewa shi ne karin magana a fim kamar tufafi yake, yana nuna matsayin mai shi. Jiski lathi uski bhains, mai sanda shi ke da ɓauna, maganar mai gonaki ce ko yaransa. Ɓaunar nan ba ta daji ba ce, ta gida ce da ake tatsa, dukiyar talaka ɗungurungum, lathi kuma gora ce doguwa da 'yan barandan masu ƙasa ke riƙewa. An soke tsarin zamindar, wato na manyan masu ƙasa, a doka a jihar Uttar Pradesh tun farkon shekarun 1950, amma sandar ba ta bar ƙauye ba, shi ya sa finafinan shekaru 30 da suka biyo baya suka yi ta komawa kanta. Kashin dankali ke nan. Ulta cor kotwal ko dante, ɓarawo ne ke yi wa kotwal tsawa, ya fi fitowa daga bakin mace ko ɗan barkwanci. Kotwal shi ne shugaban 'yan dokan birni a zamanin sarakunan Mughal, kamar sarkin dogarai, har yau ana kiran babban ofishin 'yan sanda kotwali a garuruwa da yawa. Mu mun ce tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta. Tsoho ko malami shi ake ba mai tsohon nahawu, irin ab pachtaye hot kya jab ciriya cug gayi khet, ina amfanin nadama bayan tsuntsaye sun cinye gona, wanda ko ɗan birnin Delhi yana jin ƙanshin dā a cikinsa. Shi kuwa babban mugu sau da yawa rabi yake faɗa. Zai ce bakre ki ma, uwar bunsuru, ya yi shiru, ɗan kallo ya ƙarasa a zuci: har yaushe za ta yi ta roƙa wa ɗanta tsira daga wuƙa. Kamar dattijo ya ce maka "in ka ga gemun ɗan'uwanka" ya tsaya. Shirun ya fi maganar ban tsoro.

Ba duka nake yabo ba, kuma ba na so ka ɗauke su duka a matsayin hikima. Dhobi ka kutta, na ghar ka na ghat ka, karen mai wanki, ba shi gida ba shi bakin kogi, ana fassara shi da ba tsuntsu ba tarko, kuma ya yi. Sai dai dhobi ba sana'a ce kawai ba, jinsi ne da ake haifar mutum a cikinsa a tsarin nan nasu na fifita wasu dangogi a kan wasu, kuma karin magana da yawa na Hindi an gina su ne a kan raina mai wanki, mai jima, mai shara. Tun 1989 akwai doka a Indiya da ke hukunta cin mutuncin waɗannan mutane da sunan jinsinsu a bainar jama'a. Haka kuma beti paraya dhan, 'ya mace dukiyar wasu ce, da maganar da ake yi wa amarya cewa a kan doli, kujerar ɗaukar amarya, ta shiga gidan miji, a kan arthi, makara, za ta fita. A fim ana faɗarsu da kiɗa mai taushi da hawaye, har mu ma mu yi kuka. Amma a ƙasar da iyayen mace ke biyan dukiyar aure, abin da dokar 1961 ta hana amma bai mutu ba, wannan magana ta rufe wa mata da yawa ƙofar komawa gida lokacin da zaman ya zama halaka. Na ga maƙwabciya a can da aka yi ta maimaita wa wannan magana duk lokacin da ta zo da kuka, kuma tun daga nan ba na iya jin ta a fim da kunnen da nake ji da shi dā. Mai fassara ya fassara ta da nauyinta, kada ya sassauta ta ta koma nasihar "yi na yi, bari na bari".

Wani lokaci kuma hanyar juyawa take yi, fim ya ba harshe sabon karin magana. Maganar Gabbar cewa wanda ya ji tsoro a ɗauka ya mutu ta fita daga sinima ta shiga bakin direbobi da 'yan siyasa da 'yan talla, har akwai masu faɗarta ba su san daga ina ta zo ba.

Saura na ukunka, kuma shi ne mafi sauƙi. Nau tara, do biyu, gyarah sha ɗaya. Tara da biyu sha ɗaya. In aka ce wane ya zama nau do gyarah, ya gudu ne, ya cika wandonsa da iska, ƙafa me na ci ban ba ki ba. Bayanin da aka fi bayarwa a can shi ne lambar 11 tana kama da ƙafafu biyu a tsaye, shirye da gudu. Maganar 'yan titi ce, ta ɗan sane da yaron mota da mai bashin da ya hango mai kuɗi, ba za ka ji ta a bakin sarki ko alƙali ba. Akwai fim ɗin Dev Anand na 1957 da aka sa wa wannan suna, kuma a cikin labarinsa akwai budurwar da ta gudu daga gida. In ka sake jin ta, duba wanda ya faɗa da kyau: galibi yana waige, takalminsa a hannu.